Bayan an watse daga buki: da me makaɗi ke ciyar da gidanshi?

Duk wadda ke da rumfa ko tebur a kasuwa ta san wani irin mai saye da ke zuwa bayan hantsi ya ɗaga, ido jajur saboda rashin kwana, murya a dishe. Zai ciro kuɗi a dunƙule daga aljihu, Sefa da naira a cakuɗe, wata takardar ma ba ta gama bushewa daga zufa ba. Ba ya tsayawa dogon ciniki. A auna mashi tiya biyu ta hatsi, a ƙulla mashi kuka da daddawa, ya rage wani abu daga tsohon bashi, ya kama hanyar gida. To wannan mutum shi ne makaɗin da muka gani jiya da dare a tsakiyar fili cikin babbar riga, mata na rangaɗa guɗa, ana manna mashi kuɗi a goshi har suna zuba ƙasa.

Da yawa daga cikinmu muna zaton wanda ake yi wa irin wannan ruwan kuɗi ya yi bankwana da talauci, shi ya sa idan ya zo karɓar cikon kuɗinshi sai a riƙa ja mashi rai. Mun daɗe muna lura da rayuwar wasu daga cikin masu wannan sana'a a Maraɗi, musamman wani mai kalangu da muka yi shekaru muna maƙwabtaka da shi, magidanci mai mata ɗaya da ɗiya shida. Ba za mu kama sunanshi ba, domin abincinshi yana hannun waɗanda yake bi bashi, kuma wasunsu suna karanta wannan shafi.

Lissafin dare ɗaya

Tunda da ƴan kasuwa muke magana, bari mu fara da lissafi. A ce uwar buki ta yi jinga da shi a kan jika 20, ta ba da abansi jika 5, sauran sai an tashi. A ce kuma dare ya yi kyau, ƙawaye da dangi sun shiga fili sun yi liƙi, da aka tattara aka canza nairar da ke ciki, aka samu jika 15. Idan an biya shi cif, jika 35 ke nan suka shigo. Mai kallo daga nesa nan lissafinshi ke tsayawa.

Amma makaɗi ba ya fita shi kaɗai. Akwai ɗan karɓi, akwai yaro mai ƙaramar ganga, akwai ƴan amshi biyu, ga kuma sanƙira wanda ke kiran sunaye yana tona asali don hannu ya shiga aljihu. Mutum shida ke nan. Kafin a raba ko dala, sai an fitar da hayar lasifika da injin wuta da man da ya sha, a ce jika 8. Kabu-kabu zuwa da dawowa, jika 3. Shayi da goro da abin da aka taɓa kafin a fara, jika 2. Saura jika 22. Kowace ƙungiya da yadda take rabonta, amma inda uban kiɗi ke ɗaukar rabi, zai tashi da jika 11, sauran biyar ɗin kowa ya samu jika 2 da dala 40.

Wannan fa idan an cika alkawari ke nan. Abin da ya fi yawa shi ne a tashi cikin dare, uwar buki ta gaji, ta aiko yarinya ta ce a dawo gobe. Idan cikon nan na jika 15 bai fito ba, abin da ke hannu bayan an biya mai inji da ƴan kabu-kabu jika 7 ne. Uban kiɗi ya ɗauki jika 3 da dala 100, kowane yaro dala 140, bayan sun yi awa biyar ko shida a tsaye. Sau da yawa ma maƙwabcin namu kan rage nashi kason ya ƙara ma yaran, domin ɗan amshin da aka sallama da dala 140 sau biyu a jere, karo na ukku ba za a same shi a gida ba.

Bashin kiɗi kuwa ya fi kowane bashi wuyar bi. Mai atamfa idan ba a biya ta ba tana iya zuwa ta karɓo turminta. Mai hayar kujeru yana iya hana kujerunshi gaba. Kiɗan da aka yi jiya fa, ina za a je a karɓo shi? A da makaɗi na da makami, wanda ya hana shi zai ji habaici a fili na gaba, kuma kowa na tsoron wannan. Yau wanda ya gwada zambo yana iya kwana a hannun ƴan sanda, ko kuma mata su haɗa baki su daina kiran shi. Saboda haka sai ya koma zuwa gaisuwa. Ya je ƙofar gida ya yi sallama, ya tambayi gajiyar buki, ya tambayi amarya, ya yi shiru. A ce mashi Hajiya ta fita. Mun san cikon da aka yi wata huɗu ana bi, daga ƙarshe aka biya da rabin tiyar shinkafa da tsohon yadi.

Akwai kuma maganar naira. Takardar Sefa mafi ƙanƙanta ita ce ta dala 100, wadda aka sake fitowa da ita a 2012, kuma ba kowa ke iya manna ta sau goma a goshin mutum ba. Don haka a garuruwan da ke kusa da iyaka mata kan nemi ƙananan takardun naira su shiga fili da su, hannu ya cika, ido ya gani. A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da jika ɗaya ke wajen naira 250, takardar naira 50 dala 40 ce, tana sayen abin kirki. A 2024 da jika ta haura naira 2,000, wannan takarda ba ta wuce dala 4 ko 5 ba. Tulin da ake sharewa daga ƙasa girmanshi bai canza ba, sai an je wurin ɗan canji ake sanin gaskiya.

Uban da ɗiyanshi ke gani yana kwana

Ranar da ya yi aiki, maƙwabcin namu ba ya shigowa gida sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Da ya yi sallar asuba sai ya koma shimfiɗa, lokacin kuma uwargida ta tashi yara, masu zuwa lakwal suna neman kaye da takalmi. Kafin ƙarfe takwas sun fita. Idan sun dawo da rana, shi ya tafi bin bashi ko gyaran ganga. Da la'asar suna makarantar allo, da magariba yana shirin fita. A lokacin da buki ya yi yawa, ana iya yin kwana huɗu ƙaramin ɗanshi bai ji muryarshi ba sai daga lasifikar wata unguwa.

Abin da ya ɗaure ma kanshi shi ne, duk daren da ya dawo, kafin ya cire riga sai ya jera ƴan silalla a kan murfin randa, kowane yaro da nashi na sayen ƙosai, ranar Laraba kuma ya ƙara da na malamin allo. Yaran da sun tashi randa suke fara dubawa. Idan murfi wayam ne sun san daren bai yi kyau ba, ba mai tambaya.

Gaskiyar da ba a faɗi a fili ita ce, tukunyar gidan makaɗi sau da yawa ba kalangu ke ɗora ta ba. Matar maƙwabcin namu tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli, kuma wannan ƴar riba da ke shigowa kullum ita ke riƙe da cefane. Kuɗin kiɗi, da yake a dunƙule yake zuwa in ya zo, shi ake jira don buhun hatsi, hayar gida, ɗinkin salla. Daga nan ne kuma rigimar gidan ke tasowa. Ƙuli-ƙuli sai da mai talla, mai tallan kuma ita ce ɗiyarsu ta biyu wadda ke aji biyar. Uban na son ta tsaya ga karatu, uwar na cewa to ya kawo abin da zai maye faranti. Sun sasanta a kan ta riƙa fita bayan an taso, amma duk sanda aka yi sati biyu ba buki, mu da ke zaune ƙofar gida muna ganin ta da faranti tun da safe.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne sutura. Makaɗi dole ya fito fes, shadda mai aiki, hula mai kyau, turare. Ba wadda za ta kira mai yagaggar riga ya yi wa ɗiyarta kiɗi a gaban dangin miji. Rigar nan kayan aiki ce kamar sikelin mai awo, kuma sau da yawa bai gama biyan tela ba. Wata shekara da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗanshi mai shekara takwas, rigar ya kai jingina. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likita, to amma wannan ya wuce biyar, ga takardar magani an rubuto. Da aka kira shi wani suna kafin ya fanso ta, aron riga ya yi wurin sanƙiranshi, wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Shekarar makaɗi

Kamar yadda mai sayar da lema ko mai ƙanƙara ke da lokacinshi, haka makaɗi. Kasuwarshi na buɗewa da kaka, idan hatsi da gyaɗa da wake sun shigo, manoma sun ga kuɗi, ƙauyuka sun fara ɗaurin aure. Daga nan har cikin ɗari da bazara yana samu, wani lokaci Juma'a da Asabar da Lahadi duka a cike. Makonnin da ke gaban azumi su ne ganiyar aiki, kowa na son ya kai amarya ɗakinta kafin a ga wata.

Da an ga wata kuwa sai a rataye kalangu kwana talatin, a daidai lokacin da gida ya fi cin sukari da ƙanƙara. Damina ma haka take, jama'a na gona, rumbu ya yi ƙasa, tiya ta yi tsada, hadari na iya watsa fili bayan an riga an biya mai inji. Fatar ganga kanta ba ta son danshi, sai ta saki, a yi ta gasa ta a bakin wuta kafin ta yi magana. A shekarun 2010 zuwa 2013, da azumi ya riƙa faɗowa cikin Yuli da Agusta, zaman banzan nan biyu sun haɗe wuri ɗaya, an sha wuya sau ɗaya an wuce. A 2025 kuwa azumi ya kama a farkon Maris, wato ya yanki wata guda daga tsakiyar lokacin samu, damina kuma tana nan tana jira.

Mafi tsanani shi ne daga Agusta zuwa farkon Oktoba. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai shigo ba, sauro ya yi yawa, sai kuma ga komawa lakwal da dogon jerin kaye da bik da alli. A nan ne makaɗi ke shiga littafin bashin mai awo da mai kayan miya. Mun sha jin ana cewa makaɗa ba su biyan bashi. Abin da muka gani shi ne suna biya idan an biya su, kuma ba sau ɗaya ba mun tarar wadda ke bin shi kuɗin tiya goma ƴar uwar wadda ta riƙe mashi ciko ce, rumfarsu ma tana kallon juna.

A irin wannan lokaci maƙwabcin namu kan koma ga tsofaffin iyayen gidanshi, mahauta. Kalangu tun asali gangar mahauta ce. Dattawa sun san zamanin da ranar kasuwa mai kalangu ke tsayawa kusa da masu nama yana kaɗawa, na nesa ya ji ya san an yi yanka. Wannan aiki ya mutu a birni, amma zumuncin bai mutu ba. Ranar Litinin ko Juma'a zai bi ta wurinsu, ya kaɗa ma wani takenshi na gado, a yanko mashi ƴar tsoka ko kayan ciki a ƙulla a leda. Yana kuma da ƴar gona ta aro wajen gari wadda in damina ta yi kyau takan ba shi na wata biyu.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara ma wannan lissafi nauyi. A Maris na 2020, da cutar korona ta shigo, hukuma ta hana taruwar jama'a, aka yi makonni ana ɗaura aure ba ganga. Kafin nan Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe ta har Maris 2024. Makaɗin Maraɗi da ya saba bi ta Ɗan Isa ya je Jibiya ko Katsina ya yi kwana biyu ya dawo da abin sayen buhu, sai ya zauna. Kuma duk abin da ya taɓi aljihun ɗan kasuwa, makaɗi ne na farko da ake sokewa daga kasafin buki. Ba a fasa shinkafa, ba a fasa anko.

Zabiya da goyo

Idan namiji na da wadda zai bar ma yara, zabiya sau da yawa ba ta da ita. Da dama cikin matan da ke waƙa a bukukuwan mata da kiɗan ƙwarya zawarawa ne ko waɗanda miji ya rasu ya bari da ɗiya, su ne uwa su ne uba. Mun san wata da muka sha gani tana shiga gidan buki da goyo a baya, wata ƴar ƙanwarta na biye da tabarma. Tana cikin waƙa yaro zai farka, ƴan amshi su riƙe baitin suna maimaitawa, ita ta juya baya ta ba shi nono, ta miƙa shi, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Masu rawa ba su ma lura.

Ita aikinta ya fi yawa da rana da marece, cikin gida, don haka takan kwana tare da ɗiyanta. Amma nata lissafin ma akwai rami. Mata sun fi yi mata kyauta da kaya, turmin atamfa, sabulu, kwano. Atamfa ba ta shiga tukunya, saboda haka bayan kwana biyu za ta kawo turmin nan kasuwa, wani lokaci ma rumfar da aka saye shi, ta sayar ƙasa da kuɗinshi. Kuma ba ta isa ta ƙi shiga harkar buki ba. Duk wadda ta saba kiran ta, ranar da ta tashi nata sha'ani sai zabiya ta yi anko ta kai gudummawa kamar kowa, in ba haka ba an cire ta daga layi. Abin da ke ceton ta shi ne adashi. Tana zubi tare da masu sayar da kayan miya, kuma takan roƙi uwar adashi ta sa kwasarta ta faɗo daidai komawa lakwal.

Abin da ya fi ci mata rai ba kuɗi ba ne. Matan da ke rungume ta a fili suna kiran ta ƙawa, su ne wasunsu ke hana ɗiyansu zuwa gidanta wasa.

Piyano, kaset da salula

Tun ƙarshen shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye gari, ɗanɗanon amare ya canza. Yaro ɗaya da piyano da lasifika biyu yana yin abin da mutum shida ke yi, kuma ba ya raba kuɗinshi da kowa sai mai inji. Daga baya ma aka daina kiran shi fili, sai a je situdiyo a ba da sunan amarya da ango da iyaye, a buga waƙa a saka a salula, ranar buki a kunna. Wasu masu murya sun bi kasuwar har inda take, kamar Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi da ta yi suna a Kano. A wani ɓangaren kuma gidaje da yawa sun koma yin walima da wa'azi, ba kiɗi sam. Kowa da ra'ayinshi a kan wannan, amma a littafin mai kalangu duk sunansu ɗaya, ranar da ba a kira shi ba.

Kada a ɗauka shi mai piyanon yana cikin daula. Da yawansu haya suke ɗaukar kayan, kuma waƙar da suka kwana suna bugawa, da ta fita ta zama ta kowa. A zamanin kaset aƙalla akwai abin da za a riƙe a hannu, ko da yake mai shagon kaset ne ke kwafa yana sayarwa. Yau a bakin kowace tasha akwai mai tura waƙoƙi, ka ba shi ƴan daloli ya cika maka kati da waƙa ɗari, mawaƙin ko tamma. Akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, tun shekarun 1990, wadda aikinta shi ne ta karɓi kuɗi daga masu amfani da waƙa ta raba ma masu ita. Maƙwabcin namu bai taɓa taka ofishinta ba. An taɓa ɗaukar kiɗanshi a wani buki da salula, ya yi ta yawo har ya ji shi a rumfar mai shayi, aka ce mashi ai ya yi suna. Shayin da ya sha a wurin sai da ya biya.

Ko waɗanda sunansu ya ƙetare teku ba su saki sana'a ta biyu ba. Marigayi Malam Mamman Barka, mai gurumi, wanda daga baya ya je bakin tafkin Cadi ya koyo biram don kada ta ɓace, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi, ya rasu a 2018. Ƙungiyar Tal Nasiyonal ta Yamai, a shekarun da faifanta Kaani ya fito a waje cikin 2013, tana wasa dare biyar a sati, har takan rabu biyu don ta cika alkawari biyu a dare ɗaya, shugabanta Almeda kuwa da rana yana koyarwa yana kuma aiki a kotu. Sannan ga hanya. Mutanen Maraɗi ba su manta da Sa'adu Bori ba, wanda hatsarin mota ya ɗauke a 2008 yana tsakiyar ƙarfinshi. Makaɗi kullum yana bisa hanya, yawanci da dare, ba albashi, ba fansho, ranar da kafaɗa ko maƙogwaro suka gaza shi ke nan.

Gado ko lakwal

Shi maƙwabcin namu gadon kiɗi ya yi. Yana ɗan shekara bakwai aka rataya mashi ƙaramar ganga ya bi ubanshi, bai taɓa zama aji ba. Ya san taken gidaje da zuriyarsu kamar yadda mai shago ya san kayanshi, ya san wadda kakarta ta fito daga Tibiri da wanda kakanshi ya yi fataucin goro, kuma duk wannan a kanshi yake, ba a rubuce ba.

Babban ɗanshi yana da hannu. Tun yana rarrafe yake bugun kwano, yanzu kuma idan uban ya fita yakan saukar da tsohon kalangu ya matse tsarkiya ya kira sunan ƙannenshi ɗaya bayan ɗaya, su amsa daga cikin ɗaki. Mun ga ranar da uban ya dawo ya tarar da shi, ya tsaya a zaure bai shiga ba sai da yaron ya gama. Da ya shiga kuma faɗa ya yi mashi, ya tambaye shi ina kaye.

Yana da dalili. Yaron yana kwalej, mushenshi ya ce yana da ƙoƙari, kuma uban na son ya ga takardar brebe a gidanshi ko da guda ɗaya ce. Ga kuma abin da ya faru da babbar ɗiyarshi. Wani yaro mai tebur a kasuwa ya nemi aurenta, magana ta yi nisa, sai wata gwaggon yaron ta ce su ba su haɗa jini da maroƙa. Wannan gwaggo, shi ya yi kiɗan auren ɗiyanta biyu. An yi auren daga baya, da liman ya sa baki, amma tun ranar uban ya daina zuwa da ɗanshi fili. A al'adarmu muna son makaɗi ya san kakanninmu ya faɗe su a bainar jama'a, amma ba mu son ya zama suruki, kuma yaran gidanshi sun san haka tun kafin su yi wayo.

Sai dai lissafi ba ya jin wannan magana. Idan ɗanshi ne ɗan karɓi, kaso biyu ke shigowa gida maimakon ɗaya. Uwar yaron ta faɗa mashi haka, ba sau ɗaya ba. Shi ma da kanshi ya san idan yaron bai bi shi fili yanzu ba, taken nan da ya gada za su bi shi kabari, domin ba a koyon su a zaune. Daga ƙarshe abin da suka tsayar shi ne yaron zai riƙa bin shi daren Asabar kaɗai, tunda Lahadi ba lakwal, kuma kasonshi ba zai shiga cefane ba, za a riƙa ajiye shi wurin wata mai sayar da kaye da littattafai a kasuwa har lokacin komawa makaranta.

Ranar da muka rabu da shi yana zaune a zaure da kango tsakanin ƙafafu, yana ɗinka sabuwar fatar ɗan akuya da ya karɓo bashi wurin majemi. Yana da alkawarin buki biyu a gaba. Ɗaya ta kawo abansi jika 5, ya riga ya kai ma mai awo. Ɗayar ta aiko cewa sai ranar.